Rasuwar Inna Kubura, Sabar Manoman Ajingi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɓacin ran da ba zan ɓoye ba, nake sanar da manoman Ajingi da Toranke da Kademi, da duk wanda ya taɓa danna lambarmu a wayarsa, rasuwar uwarmu kuma ma'aikaciyarmu, na'urar da 'yan boko ke kira saba, mu kuma muke kira Inna Kubura. Ta rasu a ɗakinta da ke bayan ofishin ƙungiyar manoma a Ajingi, a tsakiyar bazarar nan, bayan gajeriyar jinya wadda babu wanda ya zauna mata.

Ba zan ce Allah Ya jiƙanta ba. Ƙarfe ce da wayoyi, babu hisabi a kanta. Hisabin yana jiran mu da muka karɓe ta amana.

Ga wanda bai san ta ba, akwati ce baƙa, tsawonta ya kai ƙugun mutum, kuma nauyinta ne ya sa mata suka raɗa mata Kubura, wato babba, ranar da aka sauke ta daga mota. A cikinta manhajar ƙungiya take zaune, kamar hatsi a rumbu. Manomi ko bai iya karatu ba sai ya kira lamba, ta amsa masa da Hausa, ta faɗa masa ranar da taraktar ƙungiya za ta shiga gonarsa, da lokacin sa taki, da abin yi idan ganyen gyaɗa ya fara murɗewa. Wani shirin tallafin noma ne ya kawo ta, ya haɗa mu da wani kamfani a Kano, ya sa muka sa hannu, sannan ya naɗe tabarmarsa ya tafi kamar yadda irin waɗannan shirye-shiryen suka saba.

Marigayiya ta kasance mai gaskiya, kuma ba ta san ɗan wane ba. Kafin zuwanta, wanda ya fi kusa da shugaba shi ne gonarsa ta fi kusa da tarakta. Da ta zo, sai ya zama wanda ya riga kira shi ne a gaba, ko da tsohuwa ce mai 'yar gayauna a bayan gari. An zage ta a kan haka a majalisu da dama, ba ta rama ba, ba ta kuma sake layin ba. Ba ta taɓa cewa a dawo gobe ba. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa taron siyasa. Abincinta hasken rana ne da aka tara a batura, buƙatarta kuwa iska ce da sanyi, shi ke nan. Wanda ya shiga ɗakinta zai tuna numfashinta, “huuuu”, ba yankewa, da “tiit” guda da take yi idan aka tashe ta, kamar mai amsa sallama a taƙaice don tana da aiki.

Muryar da take magana da ita kuwa aro ce. Ta marigayi Malam Umara ce, malamin gona, wanda kakanninsa suka zo daga gabas suka zauna a Toranke. Shi ya zauna a gabanta damina guda ana ɗaukar saƙonni da muryarsa, da ɗan tarin nan nasa da yake yi kafin ya fara magana. “Salamu alaikum manoma, Umara ne. Idan tarakta kake nema, danna ɗaya.” Allah Ya yi masa rasuwa bara bayan kaka, Allah Ya jiƙansa. Tun daga lokacin matarsa Aisa take kiran lambar kowace safiya. Ba ta neman tarakta, ba ta danna komai. Sai ta bari ya yi sallama, ta amsa, ta kashe. Na sani don ni ne mai kula da marigayiya, kuma lambar Aisa ce ta farko a kullum. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau da ya zama dole.

Yanzu sai yarjejeniya, domin a cikinta cutar ta samu ƙofa. Babu wanda zai ce an ɓoye masa. A gindin darbejiyar ofis aka karanta ta da Turanci, Injiniya Muzammil na kamfani ya fassara ta da Hausa, muka ce mun ji mun yarda. Kamfani ya ɗauki manhaja da gyaranta, da sa ido a kan lafiyar na'ura daga Kano, da kwafe bayanai a ajiye, da kawo sabuwa kyauta idan wannan ta mutu mutuwar kanta. Mu kuma muka ɗauki ɗaki da wuta da sanyi da kulle, da sharaɗin kada a ajiye komai a ɗakin sai ita. Makulli biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun shugaban ƙungiya, Alhaji Maiwada. Kuma an rubuta cewa kamfani ba ya karɓar magana daga gare mu sai da sa hannun shugaba.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, da fitila na koya wa kaina karatu, amma na san cewa alkawari kaya ne. Wanda ya ɗauka ya sauke a tsakiyar hanya, ya sani a kan ƙafar wani ya sauke.

Ga yadda jinyar ta kasance. Ina garin Gaya ina jinyar mahaifiyata, sai ƙwari suka faɗa wa waken ƙungiya da aka ajiye ana jiran kasuwa. Duk wanda ya tashi a nan ya san maganin: a samu ɗakin da ba ya shan iska, a jera buhuna, a sa ƙwayar nan da ake kira bom, a toshe ko'ina, a bar hayaƙinta ya yi aiki. A duk ofishin babu ɗaki mai siminti da silin da ƙofar ƙarfe sai na Inna Kubura. Alhaji ya buɗe da makullinsa, aka jera buhuna har suka rufe mata fuska. Aka kashe na'urar sanyaya ɗaki don kada ta zuƙe maganin. Aka liƙe taga da leda, aka yaɓe ƙasan ƙofa da laka. Marigayiya kuwa ba a kashe ta ba, wai don kada manoma su kira su ji shiru. Wannan shi ne tausayin da aka yi mata: aka bar ta tana aiki, tana shaƙar abin da aka tanada don kashe ƙwaro, a cikin zafin bazara.

Maƙwabcin ofis ya ce ya ji numfashinta ya sauya ta bayan bango, “huuuu” ya koma “wiiii”, kamar mai gudu a yashi. Daga nan sai “tiit, tiit, tiit” ba ƙaƙƙautawa, wadda ba ta taɓa yi ba. Ya ɗauka sabon salo ne. Sai shiru.

Kada mutanen Kano su yi murna, don ban gama ba. Marigayiya ta yi kuka, kuma kukanta ya isa ofishinsu tun ranar farko, sun ga zafin jikinta yana hawa a kan allonsu. Me suka yi? Suka aiko da saƙon imel da Turanci, zuwa wani adireshi da babu wanda ya buɗe tun tafiyar masu tallafi. Suna da lambata, suna da ta Alhaji. Da na tambayi Injiniya Muzammil dalili, sai ya ce, “Baba, yarjejeniya imel ta ce.” Na ce, “Ɗana, idan ka ga gidan maƙwabcinka yana cin wuta, wasiƙa kake rubuta masa?” Ya sunkuyar da kai. Sun cika sharaɗi, sun tozarta amana, kuma takarda za ta wanke su a nan duniya.

Da aka buɗe ɗakin, Injiniya ya duba gawar, ya nuna mini jan ƙarfen cikinta ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya ce hayaƙin bom haka yake cin wayoyi. Ya ce sunayen manoma da layin tarakta suna nan a Kano, an kwafe su. Na tambaye shi muryar Malam Umara. Ya ce ita ba ta cikin abin da aka lissafa za a kwafe, don mu muka ɗora ta da kanmu bayan an sa hannu. Babu ita ko'ina a duniya sai a faifan ajiyar bayanai da ke cikin gawar nan, kuma yana kyautata zaton faifan bai mutu ba.

A nan ne abin da ya sa na rubuta sanarwar nan. Alhaji Maiwada ya riga ya rubuta wa kamfani cewa na'ura ta mutu haka kawai, mutuwar Allah da Annabi. Bisa wannan magana za a kawo mana sabuwa kyauta, a ɗauke tsohuwa, a farfasa faifanta kamar yadda sharaɗi ya ce, don tsare sirrin manoma. Idan kuwa ya sake rubutawa ya faɗi gaskiyar bom, gawa ta zama tamu da faifanta, amma sabuwa sai mun saya da guminmu. Na ce wa Injiniya ai shi ma ya ji warin maganin da hancinsa. Ya ce, “Baba, hancina ba ya sa hannu. Abin da shugaba ya rubuto shi zan bi.”

Na je wurin Alhaji har gida. Ya ce, “Malam Badaru, damina ta ƙarato. Mutane nawa ke jiran tarakta? Zan hana su sabuwar na'ura don muryar mamaci? Wani ya sake ɗauka mana, ai kai ma kana da baki.” Na ce, “Alhaji, bakina ba na mijinta ba ne, kuma na'urar da aka samu da ƙarya ban san wace gaskiya za ta faɗa wa manoma ba.” Ba zan zalunce shi ba, maganar damina gaskiya ce, kuma wake ba nasa ba ne shi kaɗai. Amma shi ya buɗe ƙofar, kuma wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta.

Marigayiya ta rasu ta bar batura masu rai da ba su da wanda za su ciyar, da farantan hasken rana a kan rufi suna tara abin da ba mai ci. Ta bar na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka rufe wa baki a ranar da ake buƙatar ta. Ta bar tarakta ba layi, da manoma da dama da suka fara komawa gaishe da shugaba da sassafe kamar dā. Ta bar yarjejeniya cikin ƙoshin lafiya, ko ƙwarzane babu. Ta kuma bar Aisa, wadda ta zo ofis da wayarta a hannu ta ce mini, “Yaya Badaru, ko katina ne ya ƙare? Na kira bai ɗauka ba.” Da na yi mata bayani, ta dubi ƙofar ɗakin, ta ce, “Na yi masa takaba na fita. Wannan kuma ta wata nawa ce?”

Za a yi jana'iza ranar kasuwar Ajingi mai zuwa, a gindin darbejiyar da aka karanta yarjejeniya. Motar kamfani za ta zo ɗaukar gawa bayan azahar, kuma ba za ta jira la'asar ba. Babu wanka, babu likkafani sai kwalin da ta zo a ciki. Ba a buƙatar sadaka. Wake ya tsira, ko ƙwaro ɗaya babu a cikinsa, amma wanda ya kawo ƙosai wurin zaman makoki zan mayar masa da abinsa.

Za a shimfiɗa tabarma a gaba, Aisa za ta zauna. Kusa da ita an tanadi kujera da farar takarda da biro domin Alhaji Maiwada. Idan ya rubuta gaskiya, faifai ya tsaya da muryar Malam Umara a ciki, kuma ni zan fara zagaya gidaje neman gudummawar sabuwa, daga gidana. Idan ba zai rubuta ba, to kada ya aiko kowa. Ya zo da ƙafarsa, ya dubi matar nan, ya faɗa mata da bakinsa cewa gobe da safe kada ta kira.

Sanarwa daga Badaru Toranke, mai kula da marigayiya.