Mayafin Aro a Gaban Kyamara

"Lafiya lau na wuni, sai dai ban san da wa nake gaisawa ba," in ji Mai Taswira, yana tsaye a ƙofar ɗakin kakarsa da kwamfuta a hammata. "Da mai koren mayafi nake magana, ko da mai ja, ko kuwa da mai ɗigo-ɗigo?"

Kaka na zaune a bakin gado tana murza man zafi a gwiwa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Da matarka kake magana, miji marar cefane. Shigo, ka tare mini iska da waɗannan kunnuwa naka masu kama da faifai."

To, ga yadda abin yake. Tun da aka faɗaɗa titin da ya ratsa unguwar, motoci suka samu filin tsere, tsallaka shi ya zama sai an yi shahada. Mutane suka yi ta kai kuka, ƙaramar hukuma ta ce danja ɗaya, wato fitilar ba da hannu, za ta iya kafawa bana, ko dai a bakin layin su Kaka, ko can gaba wajen garejin motoci. Don kada a ce an yi son kai, aka maƙala kyamara a jikin falwaya a wuraren biyu, tana ƙirga duk wanda ya tsallaka, kowane mutum sau ɗaya a rana, tana aika lissafin kai tsaye ofishin tsara gari. Inda aka fi tsallakawa, nan danja za ta tsaya. A wannan ofis jikan Kaka yake aiki, shi ya sa ta laƙaba masa Mai Taswira, sunan kuwa ya bi shi har wurin abokansa. Da farko gareji ya yi wa layin fintinkau. Kwatsam sai lissafin layin su Kaka ya yi tsalle. Ogansa ya ce ruwa ba ya tsami banza, a duba hotunan. Ya duba. Bawan Allah sai da ya dafe kai da hannu biyu, ya ɗauko kwamfutar ya taho.

Ya ɗora ta a kan kujera, ya buɗe, ya juyo da ita wajen Kaka.

"Tsohuwa, wace ce wannan?"

"Ina na sani? Ni ce mai tsaron matan gari?"

"Wannan fa?"

"Wata kyakkyawa ce dai. Dubi tafiya, kamar 'yar shekara ashirin."

"Tafiyar agwagwa dai. Wannan mai jan mayafin fa? Da wannan? Da wannan? Duk matan unguwar nan gwiwar hagu ke musu ciwo? Duk silifas ɗinsu iri ɗaya, shuɗi, an ɗaure igiyarsa da waya?"

Kaka ta miƙa ƙafa a hankali ta tura silifas ɗinta ƙarƙashin gado.

"Kamfani ɗaya ya yi su."

"Kamfanin ne ya ɗaure su da waya?"

"Kai, tafi can! Yaron da na wanke wa kashi shi ne yau yake mini tambayar alƙali. Ranar da ka zo duniya kamar ɓeran da ya faɗa randa kake, sai da aka aro tabarau kafin a gan ka a cikin zani."

"Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Ai na ga tarihinki a ofis. Lokacin da aka zo zana taswirar garin nan ta farko, ke aka fara sawa, sannan aka sa duwatsu."

"Shi ya sa waccan ta yi kyau. Taku ta yanzu fa? Ran nan mai kawo gas ya bi wayarsa, ta kai shi tsakiyar kwata ta ce masa ya iso."

"An gyara wannan tuni."

"Bayan ya fito da laka har gwiwa. Ku dai ku yi ta zama cikin sanyi kuna danne-danne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau falwaya ba zai hango ba."

"Ai kuwa abin da ke kan falwayar ya hango ki sarai. Har inda kika laɓe bayan shagon mai faci kina sauya mayafi."

"La'ilaha! Har leƙen mata take yi? Gobe zan je in ga ogan naku."

"Ki je da wane mayafi?"

Ta jefo masa murfin man zafi, ya kauce yana dariya. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin akwai hoto ɗaya da ya ajiye sai ƙarshe, kuma shi ne ainihin abin da ya kawo shi. Ya danna. Ga tsohuwa a tsakiyar titi cikin mayafi mai ɗigo-ɗigo, ga tifa ta taho a guje ta taka birki har taya na hayaƙi. Tsakanin ƙarfen gaban motar da kafaɗar tsohuwa bai fi kamu ɗaya ba.

"Kaka," ya ce.

In ya bar tsohuwa ya koma Kaka, ta san wasa ya tsaya.

"Wallahi a ofis na fara ganin wannan. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. In mota ta kwashe ki, me danja za ta tsinana mini?"

"Direban ne makaho," ta ce, amma muryar ba ƙarfi.

Ta dubi gwiwarta. Can ta ɗaga matashi, ta jawo tarin mayafai a ninke, ta shimfiɗa su a cinya tana shafawa.

"Kai da ka zo kama ɓarauniya, zauna ka ji. Koren nan na matar tela ne. Tun da babur ya bige ta a bakin titin nan ba ta ƙara zuwa asibiti awon jininta ba, ga asibitin can tsallake. Jan nan na uwar 'yan biyu ne. Makarantar yaranta ana hango ta daga ƙofar gida, amma sai sun zagaya ta gada, kafin su isa an rufe ƙofa. Mai ɗigo-ɗigon nan na ƙanwata ne. Ciki ɗaya muka fito, gidanta ga shi can muna kallon juna, amma rabonta da ɗakin nan tun kafin a zuba kwalta. Ni ke zuwa, ita ba ta iyawa. Abarku ta kan falwaya tana ƙirga wanda ya tsallaka. Wanda tsoro ya zaunar fa, wa zai ƙirga shi? Ni ban ƙara ko mutum ɗaya ba. Kowace nata na tsallaka mata."

Mai Taswira ya dubi mayafan da ke cinyarta. Tausayi ya kama shi, haushi ma ya kama shi, domin wannan maganar ba baƙuwa ba ce a ofishinsu.

"Ai mun san da haka, tsohuwa. Shi ya sa aka ba da lamba, duk wanda titin ya hana shi wani abu ya aiko da murya ta waya, a haɗa da lissafin kyamara. Direbobin gareji kaf sun aiko. Daga layin nan ko tari ba mu ji ba. Mun liƙa sanarwa a falwaya."

"Wadda kuka liƙa can sama, inda sai raƙumin dawa zai karanta?"

"Na kuma turo miki a wayarki."

"Wayar da ka saya mini mai santsi kamar sabulu? In na taɓa nan ta buɗe can. Tana cikin kwano na rufe ta, ta huta na huta."

"Kin ga irinta ko? An kawo miki ƙofa, kin ce ke sai ta katanga."

"Ƙofar da ba a nuna wa mutum ba ai katanga ce."

Ya sosa ƙeya. A nan kam ta same shi, amma ba zai faɗa ba.

"To ji nan. Dole in cire ki daga lissafi. In na bari aka gano, za a soke layin nan gaba ɗaya, ni kuma a ce na yi wa kakata aiki."

"Cire ni? Sakina ka yi ke nan?"

"Saki har da mayafai. Zan bar miki tsallakawa ɗaya a rana, ta zuwa wurin ƙanwarki, don wannan taki ce ta halak. Sauran kuwa masu su za su yi magana da bakinsu. Ba a rufe karɓa ba tukuna. Tashi ki raka ni gida-gida, kowace ta faɗa wa kwamfutar nan abin da kika faɗa mini."

"Kuma za a ji?"

"Za a ɗora a ma'auni. Ban ce lallai mu ci ba."

"An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa."

"Za ki gani in kina da rai, shi ya sa nake da sharaɗi. Ba ki ƙara taka titin nan ke kaɗai."

"Oho! Ashe kishi kake yi da direban tifa."

"Ƙwarai kuwa. Ya matso kusa da matata da yawa."

"Ai ya fi ka. Shi ko ba komai ya tsaya mini."

Ta sunkuya ta lalubo silifas ɗin da ta ce ba nata ba ne, ta zura, ta rungumi mayafan mutane. Suka fita yana riƙe da kwamfuta, tana gaba tana ɗingishi tana ba shi umarni kamar ita ta ɗauke shi aiki. Matar tela ta ce ita kunyar na'ura take ji, sai da Kaka ta ce ta ɗauka da kishiyarta take faɗa, sannan baki ya buɗe, har sai da aka ce ya isa. Uwar 'yan biyu ta yi nata tana share hawaye da bakin mayafin da aka maido mata. Kafin rana ta yi sanyi sun gama layin, saura mai ɗigo-ɗigo, mai shi kuwa tana tsallake.

Suka tsaya a bakin titi ƙarƙashin falwaya. Motoci na wucewa fuu, fuu, iskarsu na kaɗa zanin Kaka. Mai Taswira ya mayar da kwamfutar hammatar hagu, ya kama hannunta da na dama.

"Matsa can," ta ce, tana harara sama. "Ka manne mini, sai abar nan ta ɗauka mutum ɗaya ne. Mu biyu ne, a rubuta biyu."

Ya yi dariya ya sassauta hannu zai ja baya. Sai ya ji yatsunta sun damƙe nasa gam, sanyi ƙalau. Ya dube ta. Idonta na kan motocin, leɓenta na motsi.

"Kaka, ashe tsoro kike ji?"

"Kullum," ta ce. "Kowane mayafi da nasa."

Ta ja hanci, ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Matsawa na ce ka yi, sarkin wauta. Wa ya ce ka saki?"

"Na sallama, tsohuwa," ya ce, yana dariya idonsa na ƙaiƙayi. "Kin ci."

Ya miƙe hannu iya tsawonsa ba tare da ya sake ta ba, ya jira wata bas ta wuce, sannan suka taka kwalta.