Ƙashin Jaki Bisa Karabat

Shekarar da muka samu mulkin kai na gama horon malanta, aka turo ni lekol, wato makarantar boko, a Gamkalle. Saura abu guda a tabbatar da ni: sufeto ya zauna ya ga darasina.

Ko ɗar ban ji ba. Ina da karabat irin na Turawa ɗaure a wuya, ina da Faransanci, ina kuma da sambol, wato ƙashin jakin da ake rataya wa duk wanda ya yi Hausa ko Zabarmanci cikin aji. Ran da sufeto ya zo, na nuna masa shi a wuyan wata ɗaliba, na sanar da Faransanci cewa doka ba ta san kowa ba.

Na juya zan yi rubutu, sai allon ya sulluɓo ya dira kan babban yatsan ƙafata.

"Wayyo Inna, na mutu!"

Hamsatu, ɗalibar da ta kwana uku da ƙashin, ta taso cikin ladabi ta miƙo mini shi da hannu biyu. Na dubi sufeto. Ya gyara tabarau, ya ɗaga kai alamar e.

Da ƙashin jaki bisa karabat na ƙarasa darasin, kuma na ci jarrabawar. Yau Hamsatu har ta yi jikoki, amma duk inda muka gamu sai ta durƙusa, ta kira ni Mushe, wato Malam, ta ce, "Ya yatsa? Ya Inna?"