Zabbin da Na Kai wa Malaman Faransa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ni da zabbi biyu muka kusa hana ɗiyata Saratu tafiya karatu ƙasar waje. Har yau in na shiga ajinmu na yaƙi da jahilci a Dauran, sai wani ya yi kukan zabo ƙasa-ƙasa, aji ya kwashe da dariya (har da malaminmu, wanda a haife na haife shi).

Saratu ce ta uku a 'ya'yana, ita kaɗai ta kai jami'a. Bincikenta a kan ƙuduji ne, mugun hakin nan mai kyakkyawan fure da ke shanye mana gero da dawa. Wata jami'a a Faransa ta ce za ta ɗauki nauyin ɗalibai masu irin wannan bincike, ci da sha da wurin kwana, amma sai wanda ya iya Faransanci. Yarinyar nan ta duƙufa. Tana daka tana Faransanci, tana shara tana Faransanci, har uwarta ta fara tambayata ko a nemo mai tofi. Ta tsallake jarrabawar rubutu, saura abu ɗaya: manyan malaman su gana da ita ta kwamfuta, su ji bakinta. Wanda ya faɗi a nan, tafiya ta fasa.

Ni kuwa murna ta hana ni zama. Na kai gero kasuwar Shinkafi, duk wanda ya taya sai ya ji labarin, har wanda ya zo wucewa kawai. 'Yan ajinmu suka laƙaba mini Baban Faransa, ina amsawa da ƙarfi.

Sai wani tunani ya shige ni. A wajenmu ba a ba malami yaro haka kawai. Uba kan je da ƙafarsa, ya gaisa, ya damƙa amana, ya ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa. To mutane za su ɗauki ɗiyata, su ci da ita, su koyar da ita, ni kuma in noƙe kamar ba ta da kowa? Su ce 'yar gidan wa ce?

Da yake sabis ɗin Dauran sai an hau tudu, aka shirya a yi ganawar a Ƙaura, gidan Sani ƙanin matata, direban motar haya kuma abokin wasana. Da safe na kama zabbi biyu mafi ƙiba na sa a kwando.

Uwargida ta ce, "Malam, zabbin ga na mi ne?"

Na ce, "Na Sani ne." (Allah Ya yafe mini.)

A Ƙaura, Saratu ta shirya tebur a falo: kwamfuta, kofin ruwa, da busasshen ƙuduji da za ta nuna musu. Ta zo ta durƙusa gabana ta ce, "Baba, don Allah ku zauna zaure. Ko tari ya zo muku, ku haɗiye shi."

Sani ya ce, "Mijin Yaya, ka motsa in ɗaure ka da igiyar kaya." Bai gama rufe baki ba aka kira shi tasha, ya fita.

Kowa ya san ni da haƙuri. Mutumin da ya fara koyon rubuta sunansa da furfura a gemu ai ba a koya masa zama. Na zauna, ina jiyo muryoyi daga falo, nasu da nata. Can sai na ji shiru. Shirun ya yi tsawo. Na ce a raina, an gama gaisuwar yara ke nan, babba suke jira.

Kada ku ɗauka ban san ba sa cikin ɗakin ba. Na sani sarai. Shirina shi ne in gaisa, in nuna musu zabbin su gani da idonsu, daga baya a ba direbobin Maraɗi, tunda babu inda direba ba ya kai saƙo. Sai na kwance wa zabbin ƙafa, don a ganina kyauta a ɗaure kama take da ta sata. Na maƙale ɗaya a kowace hammata, na gyara babbar riga, na rangaɗa sallama.

Fuskoki uku na gani a gilashin kwamfutar: wani dattijo mai farin gashi, wata mata mai tabarau, da wani matashi. Saratu ta juyo, idonta kamar zai faɗo. Na sunkuya kusa da kafaɗarta na saki 'yar kalmar da na tsinta a kasuwar Maraɗi: "Bonjur!" Na ɗora da, "Ina gajiya? Ina iyali? Ina sanyin wajenku?"

To gaisuwar manya ba ta cika sai an kai hannu ƙirji. Na ɗaga hannun dama, zabon dama ya tashi. Na kai hannun hagu in cafke shi, na hagu ma ya tashi.

Jama'a! Ɗaya ya dira kan tebur, ya watsar da ƙuduji, ya tuntsurar da kofi. Ɗayan ya haye labule yana kuka kamar ana yanka shi. Hulata ta yi nata wuri. Na bi na teburin da rarrafe, rigata ta sarƙe a ƙafar kujera, na kama shi a ƙarƙashin tebur. Da na ɗago, sai na hango wani ɗan akwati a gefen gilashin, cike da sanƙon wani mutum, gashin zabo manne a kai. Sai da na ƙifta ido na ga shi ma ya ƙifta, sannan na gane mai sanƙon.

Saratu ta ce, "Baba..." da wata 'yar murya da ban taɓa ji ba.

Matar nan mai tabarau ta yi tambaya. Saratu ta ja numfashi, ta fara magana. Tana nuna ni, tana nuna zabon, tana kai hannu ƙirji, Faransanci na ta zuba. Dattijon ya dafe goshi, kafaɗunsa na rawa. Ni dai na fita da baya-baya, zabo ɗaya a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Da Sani ya dawo ya ji, sai da ya kwanta ƙasa don dariya. A mota Saratu ta ce, "Ba komai, Baba," ta juya tana kallon taga. Da zagina aka yi da ya fi mini sauƙi. A gida uwargida ta dube ni ta ce, "Na Sani ne ko?" Tuwo ya daina shiga, na ƙaurace wa aji, kullum ina ganin na rushe wa yarinya wahalar shekaru da hannuna.

Ina gona wata hantsi na hango Saratu da gudu, waya a hannu, mayafi na jan ƙasa. An ɗauke ta! A nan bakin kunyar gero ta faɗa mini gaskiyar shirun nan. Amsoshin da ta haddace ne suka gudu, harshenta ya ɗaure, ta ga tafiya tana kuɓuce mata. Da aka tambaye ta wane ne wannan, tsuntsayen kuma na mene ne, babu hadda a nan, dole ta buɗe baki ta yi bayanin uba da malami da amana. Abin da suke son ji ke nan, ko za ta iya magana.

Na shigo gida ina baza riga na ce, "Ashe ni na ci mata jarrabawar ga!"

Uwargida ta ce, "Zabbi dai."

Yanzu Saratu na can, takan kira ta ce dattijon yana gaishe ni, yana tambayar tsarabarsa. Sani kuwa ya soye su tun a ranar, ƙaryata ta zama gaskiya. Abin da na koya kuwa, in mai ilimi ya ce ka zauna zaure, ka zauna. In kuma ka san ba za ka iya ba, to ka bar ƙafar zabo a ɗaure.