Kazar Kamfani a Hannun Dillalin Hatsi

Masu cewa haɗin gwiwa shi ne arziki, su je Funtuwa su faɗa wa Malam Labaran. Amma ina ba su shawara su ɗan tsaya nesa in za su faɗa.

Shekara talatin da biyar bawan Allahn nan yana shaƙar alli a makarantar sakandare. Da aka ba shi kuɗin sallama, maimakon ya sayi tumaki ya ɗaure kamar kowane tsohon malami mai hankali, sai ya ce shi reshen kamfani zai buɗe. Akwai wani kamfanin soyayyar kaza a Abuja, mai jan allo da hoton zakara. Tsarinsu shi ne ka biya su, su ara maka sunansu da allonsu da garin da suke barbaɗa wa kazar, kai kuma ka sa hannu cewa komai yadda suke yi haka za ka yi. In ka kauce su zo su cire allonsu, abin da ka zuba kuwa ya bi ruwa. Labaran ya juye musu kuɗin sallamar nan kaf, ko na cefane bai rage ba. Saura wurin da za a buɗe. A nan ne tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa, ya haɗa shi da Alhaji Tanimu mai shago a bakin titin Zariya. Suka shirya: kai kuɗi, ni gini, riba a raba biyu.

Shi Alhaji Tanimu mutumin kirki ne wallahi, irin kirkin nan da ke kai abokin zama asibiti. Tsohon dillalin hatsi ne a kasuwar Ɗandume. A wurinsa, cinikin da ba a taya ba, ba a ce albarka ba, ba a yi gyara ba, bai da maraba da ƙwace.

Kamfani suka aiko da littafin dokoki, kaurinsa kamar bulo. Kaza yanka takwas, ba tara ba. Farashi na manne a bango, babu ragi. Babu gyara. Ba a ƙara ko gishiri a kan haɗinsu. Labaran ya haddace shi tas kamar zai shiga jarrabawa. Alhaji ya karɓi nasa, ya jujjuya, ya ce kai, takardar tana da kyau, ya tokare ƙafar fanka da shi don ta daina rawa.

Aka buɗe. Tun da hantsi Alhaji zai ja kujera ya kafe a bakin kanta. Mai saye ya zo ya miƙa kuɗi cif yadda aka rubuta, sai ka ga ran Alhaji ya ɓaci.

"Haba ɗan samari, haka ake ciniki a gidanku? Ba za ka taya ba?"

"Alhaji, ai an rubuta a bango."

"Bangon ne mai kayan ko ni? Taya!"

Mutum ya taya, Alhaji ya ce albarka, ya ɗan ƙara, Alhaji ya ce ya sallama, sannan ya ɗora masa fiffike gyara. In mai saye ya ce daga Ɗandume yake, har cinya sai ta tafi. Kafin wata guda duk garin ya ji labari. Layi har kan kwalta, ciniki kamar jajiberen sallah, akwatin kuɗi kuwa kamar an yi masa shara.

Labaran ya roƙe shi, ya haɗa shi da Allah da Annabi. "Alhaji, mutanen nan fa suna turo mai bincike a ɓoye. Ran da ya gan ka, na shiga uku."

"Kwantar da hankalinka, Malam. Ai ɗan Abuja ba ya ɓuya. Kwat, igiyar wuya, Turanci ta hanci. Ina hango shi daga titi zan zama ɗan doka."

To, madalla da mai hangen nesa! Ranar wata Talata da azahar, Labaran yana can baya wurin masu suya, wata mata ta sauko daga adaidaita sahu, atamfa da mayafi da silifas, kamar mai dawowa daga gidan suna. Ta ce a ba ta yanka biyu, ta miƙa kuɗi cif. Alhaji ya sa ta taya dole, ya yi mata ragi, ya ɗora mata wuya da ƙundu. Bai tsaya nan ba, ya laluba aljihun babbar riga ya zaro ƙullin yajin da uwargidansa ta daka, ya barbaɗe mata har tana atishawa.

Ta ce, "Ikon Allah. Alhaji, kamfanin sun yarda da haka?"

"Kamfani? Hajiya, mutanen da ba su taɓa riƙe tiya ba, me suka sani a ciniki? Garin nan nasu ko jariri ba zai sa kuka ba. Littafinsu ma ga shi can, fankata na ta sa musu albarka."

Matar ta leƙa ta ga littafin a ƙarƙashin fanka. Ta ajiye ledar kazar, ta buɗe jaka ta fito da katin aiki mai hoton zakara, ta ce a kira mata Malam Labaran. Ya fito da ludayin suya a hannu, yana ganin katin ya gane mai binciken ce ta zo.

Ta ce a bisa doka yau ɗin nan allonsu zai sauka. Amma ta ga ɗakin suya tsaf, ta kuma ga furfurar Malam, don haka za ta yi musu sassauci ɗaya: daga yau Alhaji ba shi ba bakin kanta. In aka sake ganinsa a nan, ko da gaisuwa ya zo yi, shi ke nan.

Alhaji ya miƙe tsaye, hula ta karkace. "Ni? Ni za a kora daga kan ciniki? Ni da na tara muku jama'a har kan titi! Malam Labaran, ka ji tsoron Allah ka faɗa mata gaskiya. Tun da muka buɗe wurin nan, akwai mutum ɗaya da ya taɓa fita ta ƙofar nan ransa a ɓace?"

Labaran ya ajiye ludayin, ya numfasa.

"Akwai mutum ɗaya, Alhaji, kullum da hawaye yake fita. Ba ka ganinsa ne kawai, don shi ke tsayawa ya kulle ƙofar."