Wayata Ba Ta San Ɗana Ya Rasu Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Mayar da Komai Cikin Aljihu,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta mai nema a gaban mai iko, ina taya hukumarka murnar nasarar da ta samu a gidana. Kwamfutar teburin da na rubuta littattafaina a kanta yanzu aikinta biyu: cajin waya, da ɗumama kyanwa.

Ɗana na fari ya rasu bara. Ba ƙarar wannan na kawo ba, na san ba hurumin ofishinka ba ne. Hotunansa suna cikin kwamfutar nan, a ɗakin karatuna, kuma na tsara al'amarin yadda ya dace: in shiga, in rufe ƙofa, in kunna ta. Tana da nawa, kafin ta gama farkawa na gama shirya fuskata. Idan na fito, mahaifiyarsa ta ga mutum a tsaye, ta samu abin jingina. Sai 'yata, saboda tausayi, ta ce, "Baba, wannan tsohon akwatin wata rana zai mutu da hotunan Yaya a ciki." Ta kwashe komai ta zuba mini a waya. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya: wa ya ba wayar ikon zaɓar lokaci? Ina jagorantar zaman tantance ɗalibin digiri na uku, na ɗaga ta in duba lokaci, sai ga ɗana da rigar kammala karatu, an rubuta a ƙasa, "Ka tuna?" Ranka ya daɗe, wane bincike ne ya nuna wa hukumarka cewa na manta? Ɗalibin ya ga hawayena, ya ɗauka babinsa na huɗu ne ya ratsa ni. Har yau yana ba mutane labari.

Na biyu: kiɗa. Ta tattara hotunansa na asibiti, ta sa musu kiɗan rawa, ta raɗa musu suna "Kwanakin Hutu", ina jin saboda akwai gado kuma yana murmushi. A kujerar mai aski ta kunna mini. Ya tsayar da almakashi ya ce, "Farfesa, ashe kai ma kana taɓawa!"

Na uku: ta ɗauko hotona na samartaka ta jera da nasa, tana tambaya ko mutum ɗaya ne, e ko a'a. Na tsufa ina tsara tambayoyin jarrabawa, ban taɓa yi wa ɗan wani irin wannan ba.

Na huɗu shi ne ainihin damuwata. Uzurina ya ƙare. Na ce mura, na ce hayaƙi, na ce sabon tabarau. Jiya muna cin abinci wayar ta haska, mahaifiyarsa ta dube ni ta ce, "Baban yara, wannan murar taka ba ta tashi sai waya ta yi haske?" Idan ta gane ginshiƙin ma ya tsage, da me za ta jingina?

Na kai wa mai gyara wayar. Ya ce hukumarka ta tanadi mafita, maɓalli guda mai suna "Ɓoye wannan mutumin". Ya miƙo mini yana fara'a: "Danna nan kawai, yallaɓai, ba za ka sake ganinsa ba." Na yaba da sauƙin aikin. Sai dai a sanar da injiniyoyinka cewa mun riga mun ɓoye shi sau ɗaya, ni na shiga ramin na karɓe shi da hannuwana. Ba zan yi na biyu da babban yatsa ba.

Roƙona ƙarami ne. Kada a cire shi, kada a rage ko hoto ɗaya. A koya wa wayar sallama kawai. Ta tsaya daga bakin aljihu ta ce, "Ga ɗanka, a shigo da shi ko a dawo anjima?" Ina tabbatar wa mai girma shugaba ba zan taɓa cewa a dawo anjima ba. So nake dai in samu in zauna tukuna.

Naka mai biyayya har batir ya ƙare,

Baban marigayi,
Farfesa a Sashen Harhaɗa Magunguna