Ranar da Jirgin Baba Hamani Ya Ja da Baya

Ko zan manta da kome, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, ranar da na kunyata kaina a gaban surukina da duk dattawan unguwarsu Gamkalley.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne a unguwar Kalley a Yamai, kuma a lokacin gani nake duk wani abu mai ƙarfe a duniya ɗan gidana ne. Surukina, Baba Hamani, Bazabarme ne da ya yi ritaya daga aikin filin jirgi. Yana da wani ɗan jirgin wasa da wani Bature abokin aikinsa ya bar masa tun yana saurayi, injinsa bai fi babban yatsa ba. Resor ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ake murɗa farfela da ita a tayar da injin, ya karye tun da daɗewa. Idanun Baba sun riga sun dushe, kuma matata ta ce sau da yawa yakan shafa jirgin ya ce yana so ya sake jin kukansa ko sau ɗaya. Nan take na bugi ƙirji (ba wanda ya tambaye ni, a lura).

Na yi ta yawo har na dace da wani fasasshen jirgin wasa cikin tarkacen kayan Turai a kasuwa. Injin iri ɗaya, kamar an tsaga kara. Na lura farfelar wancan a baya take, ta Baba kuwa a gaba, amma mai kayan ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ɗan'uwansa ne." Duk wanda ya taɓa sayen kayan gyara a Yamai ya san wannan kalma, ni ma na sha faɗa wa masu kawo mini keke. Na cire resor na ɗaura a namu, na gwada a atalye, wato shagona, injin ya tsandara ihu. Don murna ban ko kula da inda iska ke bugawa ba.

Ranar suna, bayan an yi fatiha an raba goro da dabino, sai na ajiye kunyar surukai gefe na miƙe na sanar cewa jirgin Baba zai tashi. Na sa kowa ya koma bayan jirgin, na juya hancinsa wajen fili, na tsuguna a gindin wutsiya cikin sabuwar shaddata fara. Na murɗa farfela, na saki.

Ashe resor ɗin na hagu ne, an yi shi don mai farfela a baya. Injin ya tashi a juye. Jirgin da aka buɗe wa hanya a gaba ya yo baya da gudu ya shige cikin babbar rigata yana kururuwa yana fesa mai. Ni da na zo a matsayin gwani na yi tsalle, na yi wata ƙara da har yau matata ke rantsuwa ta ɗauka ta wata gwaggonta ce, sannan na faɗa da baya cikin faranten goro, ƙafa ɗaya a kan cinyar liman. Mata suka leƙo ta katanga. Wallahi da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Dariya ta fara tashi, sai Baba ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Jirgin ya kuɓuce daga rigata ya maƙale a gefen tabarma yana ta kuka, shi kuwa ya karkata kai yana saurare, hawaye na bin gemunsa, har man ya ƙare. Da aka miƙa masa, ya lalubi resor da yatsa ya yi murmushi, ya tambaye ni abin da mai kayan ya ce. Na faɗa masa, kaina a ƙasa.

"Bai yi maka ƙarya ba, ɗana," in ji shi. "Ɗan'uwansa ne, amma ɗan uba. Mu baaba-ize muke cewa. Gida ɗaya, kowa da inda ya dosa."

Wani dattijo ya so ya ba shi labarin faɗuwata filla-filla. Baba ya tare shi ya ce, "Ni ban ga kome ba. Kukan da na daɗe ina nema na ji, kuma surukina ne ya kawo mini shi."

Ba wanda ya ƙara tada maganar a gabansa har Allah ya karɓi abinsa. A bayansa kam, har yau a Gamkalley sunana Pilot. Ina amsawa, domin duk lokacin da aka kira ni haka sai na tuna yadda tsohon nan ya rufa mini asiri da makantarsa, na yi masa addu'a.

Yanzu in mai kaya ya ce mini ɗan'uwansa ne, nakan tambaye shi ko uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma in zan tayar da wani inji, ba na tsugunawa a gaba, ba na tsugunawa a baya, gefe nake tsayawa.