Yadda Ake Tono Asali da Injin Neman Ƙarfe

Kai mai sabon kuɗi, matso kusa. Man fetur ya yi maka rana, soja sun ba ka kwangila, ka tayar da bene a sabuwar unguwar Arkilla ta Sakkwato, amma har yau in ka je majalisar masu asali a Ƙofar Atiku, bakin tabarma ake nuna maka, can wajen takalma. Na san ciwon. Bi matakan nan yadda Alhaji Na'Allah dillalin siminti ya bi su, ni kuwa na yi maka alkawari kafin damina ta faɗi kana tsakiyar tabarma, ana miƙo maka goro da hannu biyu.

Mataki na 1: Sayi injin

Ba a tono asali da fartanya, wannan aikin talaka ne. Alhaji daga Landan ya sayo nasa injin. Sanda ce mai faifai a ƙasa, da abin toshe kunne, in ta shinshino ƙarfe a cikin ƙasa sai ta kama kuka kamar sauro. Bayanin aiki da ita da Turanci yake, shi kuwa Turancinsa bai wuce na sa hannu a kwangila ba. Ba komai. Kai dai rataya abin a kunne, ka ɗaure fuska, ka hana kowa tari.

Mataki na 2: Nufi gidan gado

Kada ka ɓata lokaci a Arkilla. Jiya-jiya gonar gero ce, ba abin da za ka samu sai ƙusa da gwangwanin madarar leburori. Gidan gadon Alhaji yana wani lungu a Ƙofar Atiku inda Marsandi ba ta shiga, kuma ba kowa a ciki sai Gwaggo Dijatu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Ta ga ya shigo yana sharar tsakar gida da sanda, ta ce, "Na'Allah, mi ya ɓace maka?"

Ya ce, "Takobin kaka nika nema, Gwaggo."

Ta dube shi, ta ci gaba da kaɗin audugarta. In taka tsohuwar ta yi maka irin wannan kallo, kada ka kuskura ka tambayi dalili.

Mataki na 3: Raɗa wa kowane ƙarfe suna

Ga ƙa'ida: ba a tono abin banza a gidan mai kuɗi. Lauje ka samu? Wuƙar yaƙi ce, yawan sara ya lanƙwasa ta. Ruwan fartanya? Gatarin fama ne. Marfin kwano? Guntun garkuwa. Na san garkuwar kakanni ta fata ce, amma wa zai tambaye ka bayan ya ci shinkafarka? In abu ya yi tsatsa har kai ma ba ka gane shi, to ka dace, sai abin da ka ce.

Mataki na 4: In gaskiya ta fito, nannaɗe ta

A gindin tsohuwar katanga injin ya tsala ihu. Aka tona, sai ga zobba biyu na baƙin ƙarfe, masu kauri, haɗe da gajeriyar sanda. Alhaji ya buga tsalle, girma ya zube. "Likkafa! Likkafar dokin kaka!"

Gwaggo ta ajiye mazari ta taso a hankali.

"Mari ne, Na'Allah. Na ƙafar Baba. Yana saurayi anka kamo shi, anka saka mishi. Ranar da anka cire, da hannunshi ya gina rame ya rufe shi, ya ce kada jikokinshi su gani. Har ya rasu bai iya dogon taki ba. Mai da shi inda ka ɗauko."

Alhaji ya dubi ƙarfen. Ya tuna tsohon, yadda yake jan ƙafa zuwa masallaci yana riƙe da hannunsa, shi kuwa yana zaton tsufa ne. Tausayi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa.

To ka yi hattara, wannan tausayin shi ne babban maƙiyinka. Amma ba ya daɗewa, da ka shiga mota ka kunna rediyo ya wuce. Alhaji ya nannaɗe ƙarfen cikin ƙyallen karammiski, ya fita bai waiwaya ba.

Mataki na 5: Kai shi majalisa, ka shirya juya baki

Mai majalisar shi ne Alhaji Siddiƙu, mutumin da ke jero kakanninsa har masu sauraro su yi gyangyaɗi. Ya karɓi ƙarfen, ya juya shi, ya ce, "Ikon Allah! Alhaji, wane irin doki ne ake hawa da ƙafafu a haɗe? Wanga ai mari ne."

Dariya ta fara tasowa daga gefe. Alhaji Na'Allah ya ga bakin tabarmar ma yana neman ya gagare shi. A nan ake gane ɗalibin ƙwarai. Ya gyara zaman hula, ya ce, "Na sani mana, gwada ku nika yi. Kakana bayi gare shi, gida cike. Da wanga yake ɗaure masu taurin kai."

Dariya ta tsaya cak. Siddiƙu ya ce, "Ashe! Ka ji gidan manya. Haba Alhaji, ka yi nisa, matso nan kusa."

Ka gani ko? Wanda aka ɗaure shi ne abin ɓoyewa, wanda ya ɗaure kuwa a ba shi wuri. Kada ka harare ni, ba ni na tsara ba, haka na tarar da masu asalin.

Mataki na 6: Je ka gaida tsohuwa

Labari a Sakkwato ba ya jiran mota. Da Alhaji ya shiga gidan gado da turmin atamfa a hammata, Gwaggo ta hango shi, ta sauko daga tabarmarta da ƙyar, ta durƙusa a ƙasa da tsofaffin gwiwoyinta.

"Ranka ya daɗe. Barka da zuwa, ubangijina."

"Subhanallahi! Gwaggo, mine ne haka? Ni ne fa, Na'Allah!"

"Na'Allah jikan Baba ne. Kai an ce jikan wanda ya ɗaure shi ne. Ɗiyar bawa ba ta zama kan tabarma gaban ubangijinta."

Ya roƙa, ya rantse, ya durƙusa shi ma har shaddarsa ta sha ƙasa. Ba ta ɗaga kai ba, ba ta kuma tashi ba sai da ya fita.

Gargaɗi

Tabarma muka yi alkawari, kuma mun cika. Abin da ya biyo baya ba ruwanmu. Gwaggo Dijatu ta yi sauran shekarunta, kullum Alhaji ya zo sai ta durƙusa, kuma har aka kai ta makwanci ba ta sake kiran sunansa ba. In haka ta same ka, kada ka zo mana da kuka a ƙofar gida. Kaka muka ce za mu samo maka, ba mu ce za ka tsira da gwaggo ba.